Yadda iyaye za su bi kadin CEG ɗin unguwarsu a wajen hukumomin birnin Tawa

Yawancin koke-koken da iyaye ke kaiwa ma'aikatar magajin gari, wato meri, a kan CEG (ƙaramar sakandare) ɗin unguwa ba ƙin su ake yi ba, ɓacewa suke yi. A tafi mutum ashirin, a yi magana da baki, a ce musu "za a duba", kowa ya kama gabansa. Bayan wata uku babu wanda zai iya fito da takarda ɗaya da ke nuna an taɓa zuwa. Wannan bayani na iyayen da ke da ƴaƴa daga aji 6e (na farko a CEG) zuwa 3e (na ƙarshe) ne a birnin Tawa, ko a Wadata suke, ko Sabon Gari, ko Bilbis, kuma mafi yawansa zai yi amfani a Yamai ma.

A fara sanin ƙofar da za a buga

Nan aka fi ɓata lokaci. Tun dokokin miƙa iko na watan Janairun 2016, firamare tana wuyan ƙananan hukumomi, sakandare kuwa an ɗora ta a kan jiha. Saboda haka in kun je meri kun ce a gina muku aji huɗu, ma'aikacin da ya ce "ba huruminmu ba ne" bai yi muku ƙarya ba. Maganar sabon gini, a bi ta wajen sufeton sakandare zuwa ofishin ilimi na jiha, wato DREN, da fadar gwamna. Rashin malamin lissafi ko na kimiyya, da sauyin malamai, da malaman kwantaragi da suka daina zuwa, duk na DREN ne. Magajin gari ba ya turo malami.

Amma kada wannan ya sa a raina meri, domin abubuwan da suka fi damun CEG ɗin unguwa da yawa a hannunta suke: filin makaranta da takardarsa, hanyar da ta bi ta ƙofar makaranta, magudanar ruwa, jujin da aka tara a bayan aji, masu tebura da ƴan tireda da suka kafa a bakin ƙofa, fitilar titi. Ban da haka meri takan ba da tallafi ko a abin da ba dolenta ba ne, kamar teburan zama ko zana a farkon shekarar karatu, in an nema da wuri kuma an nemi abin da za ta iya.

Tawa birni ne mai gundumomi biyu, Tawa 1 da Tawa 2. Gunduma ita ce kusa da ku, can aka fi sanin mai unguwarku, amma kasafin kuɗi da maganar filaye na babbar ma'aikatar birni ne. A ajiye takarda a wuraren biyu. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu, kantomomi da aka naɗa ne ke riƙe da ƙananan hukumomi, ke nan babu kansilan unguwa da za a tura ya tayar da maganar a zaman majalisa kamar da. Wannan ya ƙara wa mutum biyu nauyi: mai unguwa, da sakatare janar na meri, wanda duk wata takarda ta hannunsa take bi.

Abu ɗaya da ke rikita mutane shi ne tudun rage gudu. Titin cikin unguwa na meri ne, amma babbar hanyar ƙasa, kamar wadda ta wuce zuwa Agadas, ta ma'aikatar ayyuka ce. Kada matasan unguwa su tashi da dare su zuba siminti a kan titi. Za a fasa shi, in kuma ɗan kabu-kabu ya faɗi a kai, laifin ya dawo kan iyaye.

Sai gida ya daidaita

Hukuma ba ta amsa wa "wasu iyaye". Tana amsa wa COGES, kwamitin da ya haɗa darakta da wakilan malamai da na iyaye da na ɗalibai, da kuma ƙungiyar iyaye APE da ta uwaye AME. A jihar Tawa ne aka fara gwada zaɓen ƴan kwamitin makaranta ta ƙuri'ar asiri, a firamare, a 2004, da wani shiri da Japan ta tallafa, kafin ya bazu a ƙasa. To, in kwamitin CEG ɗinku shekara biyar ke nan ba a sabunta shi ba, shugaban ma ƴaƴansa sun daɗe da gamawa, ku fara da wannan. Abin da jami'i zai fara tambaya ke nan in yana son ya sallame ku.

A kira babban taron iyaye. Asabar da safe ta fi, Lahadi ranar kasuwa ce, rabin mutane ba za su zo ba. A sanar a masallatan unguwa, a kuma ba yara ƴar takarda su kai gida, a tabbata uwaye sun ji, don su ne suka san wace yarinya ce ta daina zuwa da dalilinta. A taron kowa ya faɗi abin da ke ransa, sannan a ɗaga hannu a zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Takardar da ta nemi katanga da aji da ruwa da wuta da malamai da littattafai a lokaci guda, ba ta da ofishin da za a tura ta, sai ta kwanta a kan tebur.

A rubuta rahoton taro, abin da ake kira PV: rana, wuri, yawan maza da mata da suka zo, abin da aka yanke, sunayen wakilan da aka tura. A haɗa da takardar sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Darakta kuwa, a yi masa adalci. Ma'aikacin gwamnati ne, akwai na sama da shi, ba zai iya jagorantar ƙorafi zuwa meri ba. Abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya ba da alƙaluma, ya kuma aika nasa rahoton ta wajen sufeto. Amma a tabbata alƙaluman takardarsa da na takardar iyaye ɗaya ne. In ya rubuta ɗalibai 640 ku kuka rubuta "sama da dubu", an gama da ku.

Ƙidaya da awo

"Yaranmu na shan wahala" kowa ya sani, ba ya shiga kasafi. Abin da ke shiga shi ne adadi. A ware mutum uku su yini guda a makaranta da littafi da igiyar awo da waya mai ɗaukar hoto.

A ɗauki teburan zama. Tebur mai haɗe da benci na mutum biyu ne, akan matsa uku. A ce aji yana da ɗalibai 75 da tebur 15: ko an zauna uku-uku, 45 ne suka samu wuri, 30 suna ƙasa. Buƙatar gaggawa tebur 10 ke nan, in kuma ana son biyu-biyu, 23. A rubuta haka aji bayan aji. Sannan a leƙa bayan ofis, inda aka jibge karyayyu. Da yawa ƙarfensu lafiya lau yake, katako da ƙusoshi kawai suke so. A ƙirga su daban, a kira mai walda da kafinta su faɗi kuɗin gyaran guda. Neman gyaran tebur 40 ya fi saurin samun amsa a kan neman sababbi 40, kuma jami'i yana gane cewa waɗannan mutane sun san abin da suke yi.

Katanga ita ce buƙatar da iyaye suka fi raina tsadarta. Fili mai mita 100 a kowane gefe, kewayensa mita 400 ne. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, ana cin 12 da rabi a kowace murabba'in mita, ke nan katanga mai tsayin mita 2 tana cin bulo 25 a kowace mita, 10,000 a kewayen duka. In ana son bulo mai ƙwari, buhun siminti ba zai wuce bulo 30 zuwa 35 ba, wato kusan buhu 300, tan 15, na bugun bulo kaɗai. Ba a sa tushe ba, ba a sa ginshiƙan ƙarfe da ake kafawa kusan kowace mita 3 ba, ba a sa ƙofa da kuɗin magina ba. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa ake cewa babu kuɗi, zai kuma san abin da zai ce: a raba aikin, bana a yi gefen da ke fuskantar titi, baɗi a ci gaba. A nemi magini ko injiniyan unguwa ya rubuta ƙiyasin kuɗi da farashin ranar, ya sa hannu.

A nan akwai wani tarko na lissafinmu. A kasuwa in aka ce ɗari, dala ɗari ake nufi, sefa 500, jika kuwa 1000. A taro a yi magana yadda aka saba, amma a takarda a rubuta sefa da lambobi, mutum biyu su duba. Kuskuren ninki biyar ya isa ya mayar da ƙiyasi abin dariya.

Makewayi: ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar ga makarantu shi ne rami ɗaya ga ƴan mata 25, ɗaya ga samari 50 tare da wurin fitsari. Makarantar da ke da ƴan mata 300 tana son rami 12. A ƙirga waɗanda ke aiki kawai, masu ƙofa da sakata, waɗanda ba su cika ba. A kan wannan magana ana iya kafa hujja da dokar watan Disamban 2017 da ta shafi kare karatun ƴa mace, domin yarinyar da ta fara al'ada ba ta zama tun safe har rana a wurin da babu makewayi babu ruwa. Shugabar AME ce ya kamata ta faɗi wannan, ba namiji ba.

Azuzuwan zana kuwa, ba sai an tuna wa kowa gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, inda yara da dama suka rasu. Kafin a samu gini, akwai abin da meri za ta iya yi cikin mako guda ba tare da kasafi ba: ta matsar da masu tuya da masu shayi nesa da zana, ta hana ƙona shara kusa. A auna tazarar da ke tsakanin rumfa da rumfa da kuma tsakanin rumfa da murhu mafi kusa, a ɗauki hoto.

Sai fili, wanda ya kamata a ce shi ne na farko. A tambayi darakta ko makaranta na da takardar filinta. Sau da yawa amsar ita ce "tun da aka buɗe nan muke". A rubuta wa ofishin kula da filaye na meri a nemi kwafin taswirar yankan filayen unguwar, inda aka nuna wurin da aka keɓe wa makaranta, a kuma nemi a turo mai awo ya kafa duwatsun iyaka na siminti a gaban mai unguwa da maƙwabta. In aka wayi gari aka ga an sauke yashi da bulo a kusurwar fili, a rubuta a wannan makon. Hana tushe abu ne mai sauƙi, rushe ɗakin da aka rufa wa kwano kuwa sai shari'a. Kuma kada iyaye su rushe da hannunsu.

Takarda da tambari

Ko da yake tun 2025 an ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, har yanzu da Faransanci ake aikin ofis. A tsara maganar da Hausa a taro, wani tsohon malami ko ɗalibin jami'ar Djibo Hamani ya rubuta ta da Faransanci, a sake karanta wa wakilai da Hausa kafin a sa hannu. Shafi ɗaya ya isa: su wane ne ku, mene ne matsalar da adadinta, me kuke nema, me iyaye suka ɗauka za su yi da kansu. PV da hotuna da ƙiyasi su biyo a baya. A ƙasa a rubuta waɗanda aka ba kwafi, sufeto da DREN da mai unguwa. Ban da zargi, ban da sunan kowa.

Kada a miƙa wa kantoma takarda a hannu a wurin ɗaurin aure ko bayan sallar Juma'a. Aljihu za ta shiga. A kai ta ofishin karɓar wasiƙu, a tafi da kwafi biyu. Sakatariya za ta buɗe babban littafi, ta rubuta rana da lamba, ta buga tambari a kan asalin. Ku miƙa mata naku kwafin ta buga masa shi ma, ta rubuta lambar a jiki. In ta ce ba sai an yi ba, a roƙe ta cikin ladabi, "Hajiya, a taimaka, iyaye ne za su tambaye mu." Wannan kwafi shi ne dukiyarku. A ɗauki hotonsa, a ajiye shi wajen sakataren APE. Ranar da aka sauya kantoma ko aka ce ba a ga takarda ba, da lambar nan za a tono ta.

Neman ganawa takarda ce daban, gajera, da lambar wayar mutum ɗaya da ke ɗaukar waya. Bayan mako guda a koma a tambayi ofishin da aka tura takardar. Wanda ke wannan ofishi shi ne zai rubuta wa kantoma ra'ayinsa, saboda haka a je a gaishe shi, a gayyace shi ya zo ya gani da idonsa.

Lokaci ma yana da nasa. Ana komawa karatu a Oktoba, kasafin hukuma kuwa daga Janairu yake farawa zuwa Disamba, a watannin ƙarshen shekara ake shirya shi. Ke nan ƙidaya a mako na biyu ko na uku da komawa, takarda kafin Oktoba ya ƙare. Wanda ya zo a Maris da maganar katanga, za a ce masa ba ta cikin kasafi, kuma gaskiya ne. A tambaya ko buƙatar tana cikin tsarin raya birni na shekaru da ake kira PDC da kuma jerin ayyukan shekara. Masu ba da tallafi daga waje ma nan suke fara dubawa. Maganar magudana da cike kwari da jar ƙasa kuwa, a ɗauki hotonta a Agusta lokacin da ruwa ke kwance, a nemi aikinta da rani.

Ranar ganawa

Mutum biyar sun isa: shugaban APE, shugabar AME, mai unguwa ko wakilinsa, wanda ya riƙe alƙaluma, da mai rubutawa. A raba magana tun daga gida. A isa da wuri, a shirya wa jira. Mai unguwa ya buɗe da gaisuwa, sannan mutum ɗaya ya faɗi buƙata cikin minti uku, misali haka: "Ranka ya daɗe, mu iyayen ɗaliban CEG ɗin unguwa kaza ne. Mun ajiye takarda ranar kaza, ga lambarta. Babu katanga, babura na ratsa fili ana cikin darasi. Abu biyu muka zo nema: a turo mai awo ya kafa iyaka, a kuma sa gefen titi cikin kasafin baɗi. Yashi da ruwa da leburori mun ɗauka."

Kada a ɗauki abin da ba a amince da shi a taro ba, don za a riƙe ku a kai. In aka ce "za a duba", a yi godiya, sannan a tambaya: wane ofishi za mu bi, wace rana za mu dawo? In aka ce babu kuɗi, a sauko zuwa abin da ba ya cin kuɗi sosai, motar kwashe shara ta yini ɗaya, ko mai awo, ko wasiƙar goyon baya daga meri zuwa fadar gwamna. Kada a fita hannu rabbana. Kashegari a rubuta ƴar takardar godiya da ta maimaita abin da aka yi alkawari da ranarsa, ita ma a buga mata tambari.

In an yi shiru, a rubuta tunatarwa bayan mako uku, a ambaci lamba da ranar ta farko. In ta biyu ma shiru, a kai wa gwamna da kwafin duka. Rediyo sai daga baya, kuma a faɗi adadi, a bar sunaye. A yi hattara da saƙon murya a WhatsApp: dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, tana hukunta ɓata suna da zagi da ɗauri, kuma saƙon da aka tura wa iyaye 50 kafin magariba ya zagaye gari. Yara kuwa a bar su a aji. Fitar da su titi hasarar darasi ce ga ƴan 3e da jarrabawar BEPC ke jiransu, kuma yana mayar da maganar katanga ta zama maganar tsaro.

Kuɗin da iyaye suka tara ma yakan kashe tafiya. Kowane karo-karo da rasit, mutum biyu ke sa hannu a fitar da kuɗi, a karanta lissafi a bainar taro. Yaron da uban bai biya ba, ba a korar sa daga aji.

In aiki ya fara

A duba allon da ɗan kwangila ya kafa, akwai sunan aikin, mai ba da kuɗi da wa'adi. A rubuta su. Iyaye ba su da ikon ba magina umarni, amma suna da ido. A wakilta mutum biyu da suka san gini su riƙa leƙawa: ana ba bulo ruwa safe da yamma bayan bugu, ko ana ɗora shi kashegari? In aka goga masa ƙusa yana zubar da gari? Zurfin tushe ya kai abin da aka rubuta? Abin da aka gani a kai wa injiniyan da ke sa ido, a rubuce.

A nemi a sa wakilin COGES ranar karɓar aiki ta farko, duk wani aibi, tsagewar bango ko ƙofar da ba ta rufuwa, a sa shi cikin PV kafin a sa hannu. Akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har zuwa karɓa ta ƙarshe, galibi bayan shekara guda, kuma a cikin wannan wa'adi gyara a wuyansa yake. Ruwan farko na Yuni ko Yuli shi ke nuna inda kwano ke yoyo da inda katanga ta zauna. Makaranta tana shirin hutu a lokacin, saboda haka a bar wa mai gadi lambar wayar sakataren APE, a ɗauki hoto ranar da abin ya faru, a kai takarda kafin wa'adin ya cika.